Faɗa-wuta Mai Shekara Casa'in

A ƙasar Ingila akwai wani ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu, an rubuta G-ACDC ɓaro-ɓaro a gefensa. A 1933 aka ƙera shi. Ya koyar da ɗalibai tuƙi kafin Yaƙin Duniya na Biyu, soja suka karɓe shi da yaƙi ya ɓarke, suka sallame shi bayan ƙura ta lafa. Wani kulob na masu sha'awar jirage ya mallake shi a 1957. A 1963 ya faɗo ana tsakiyar wasan nuna gwaninta, ya yi raga-raga, aka kwashe tarkacen aka sake haɗa shi, ya koma sama. Haka ya haura shekara tamanin yana ɗaukar mutane, da yawansu ya girmi kakanninsu.

Sunan samfurinsa Tiger Moth. Fukafukansa hawa biyu ne, na sama da na ƙasa, katako ne aka lulluɓe da yadi. Yadda ya fito daga masana'anta ba shi da birki, ba shi da batir, ba shi da rufi a kan matuƙi, kuma ba a tayar da injinsa da makulli, sai wani ya tsaya a gabansa ya juya farfela da hannu. An kiyasta cewa kimanin 250 irinsa suna tashi har yau a ƙasashe daban-daban, akasarinsu a hannun mutanen da suka saye su don sha'awa kawai.

Sai dai duk wanda ya san yadi ya san ba ya shekara casa'in a rana da iska. Katakon da ya karye a 1963 ba shi aka mayar ba. Tayoyi, wayoyi, notuna, duk masu ƙarewa ne. To nawa ne a jikin wannan jirgi ya fito daga masana'antar 1933, kuma da wace hujja hukuma ta yarda cewa shi ne dai wancan? Amsar tana cikin tarihin yadda aka ƙera shi, da na mutanen da suka ƙi barinsa ya mutu.

Mai jirgin shi ne Geoffrey de Havilland, Baturen Ingila da aka haifa a 1882. Da kuɗin da kakansa ya ba shi ya haɗa jirginsa na farko, wanda ya karye a gwajin farko a 1909, ya sake wani da ya tashi a 1910. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ya zana wa sojan Birtaniya jiragen yaƙi da dama. Jiragen nan uku da suka taso daga Helwan ta ƙasar Masar suka sauka Kano a farkon Nuwamba 1925, na farko da Kanawa suka ga sun sauka a garinsu, samfurin DH.9A ne, kuma DH ɗin nan harufan sunansa ne.

Amma a wannan shekarar hankalinsa na wani wuri. Yaƙi ya ƙare, soja sun rage saye, kamfanin da ya kafa a 1920 a filin Stag Lane da ke arewacin Landan yana neman kasuwa. Abin da ya hango shi ne jirgin da mutum ɗaya zai iya saye, ya tuƙa da kansa, ya kula da shi kamar mota. Matsalar ita ce inji. Waɗanda ke kasuwa ko dai sun yi ƙanƙanta har ba sa iya ɗaukar mutum biyu da natsuwa, ko kuma manyan injinan yaƙi ne masu shan mai kamar ba gobe. Wani injiniya mai suna Frank Halford ya warware ta da dabara irin ta 'yan gwangwan. A Croydon akwai tulin injinan Renault masu silinda takwas da yaƙi ya bari, ba mai so. Ya ɗauki silinda huɗu daga ciki, ya jera su a kan sabon gindi, ya sami inji mai ƙarfin doki 60. Aka sa masa suna Cirrus.

Ranar 22 ga Fabrairu 1925 de Havilland da kansa ya tashi da sabon jirgin, DH.60. Da yake tun yana yaro mai sha'awar tara ƙwari ne, musamman dangin malam-buɗe-littafi, sai ya raɗa masa Moth, wato ƙwaron nan mai zuwa fitila da dare. A Hausa sunansa faɗa-wuta, kuma ina shakkar a sami Bahaushen da zai yarda ya hau jirgi mai wannan suna. Turawa ba su ji komai ba. Daga nan kamfanin ya dinga ɗebo sunayen jiragensa daga jinsunan wannan ƙwaro: Gipsy Moth, Puss Moth, Fox Moth, Leopard Moth, Tiger Moth.

Fukafukan DH.60 suna naɗewa su kwanta a jikinsa, ta yadda za a iya ja da mota a shigar da shi gareji. Gwamnatin Birtaniya, wadda ke son a sami matuƙa da yawa ba tare da ta ɗauki nauyinsu a soja ba, ta tallafa wa kulob-kulob biyar na koyon tuƙi a 1925, ta zaɓa musu wannan jirgi. Daga nan tuƙin jirgi don nishaɗi ya kafu a Ingila.

Tulin injinan Renault bai daɗe ba ya fara ƙarewa, sai Halford ya zana sabon inji daga tushe, Gipsy, mai ƙarfin doki 100. Don su gamsar da masu saye, kamfanin ya yi wani gwaji da har yau ake ba da labarinsa. Aka ɗauki inji ɗaya aka buga masa hatimi don kada kowa ya buɗe cikinsa, aka yi ta tashi da shi har awa 600, tafiyar mil 51,000. Da aka kwance shi, kayan gyaran da ya buƙata ba su wuce na fam 7 da sule 2 da kwabo 11 ba. Farashin Gipsy Moth a lokacin fam 650 ne. Kuɗi ne mai yawa, albashin shekaru ne ga ma'aikacin masana'anta, don haka maganar da ake yi cewa jirgin talaka ne akwai ƙari a ciki. Jirgin likita ne da lauya da ɗan gidan sarauta. Duk da haka, zuwa 1929 an kiyasta cewa a cikin jirage ɗari na Birtaniya, 85 dangin Moth ne.

Mutane suka yi abin mamaki da shi. Lady Mary Bailey ta tashi ita kaɗai daga Croydon a Maris 1928 ta kai Cape Town, ta komo ta Kwango da gefen kudancin Sahara da gaɓar yammacin Afirka, ta iso gida a Janairu 1929. Amy Johnson, sakatariya a ofishin wani lauya, ta sayi Gipsy Moth na hannu ta sa masa suna Jason, ta bar Croydon ranar 5 ga Mayu 1930, ta sauka Darwin ta Ostireliya ranar 24 ga watan, bayan tafiyar kusan mil 11,000. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tana da lasisin makanikancin jirgi. Kowace yamma in ta sauka, ita ce ke duba injinta kafin ta kwanta. Jirgin na bukatar wannan, kuma yana ba da damar yin sa da kayan aikin da za su shiga jaka guda.

Tiger Moth ya samo asali ne daga wani ƙorafi na soja. Rundunar sojan sama ta Birtaniya tana neman jirgin koyarwa, ta duba Moth, ta ce akwai matsala. Kujerar gaba, inda malami ke zama, tana ƙarƙashin fiffiken sama daidai, tankin mai a bisa kansa, sanduna da wayoyi sun kewaye shi. In jirgi ya sami matsala a sama, mutum mai goye da lemar tsira ba zai iya fita da sauri ba.

Abin da aka yi a Stag Lane a 1931 ya fi kama da aikin garejin unguwa. Aka shigar da wani Moth cikin rumfa aka kwance shi. Aka matsar da sandunan da ke riƙe da fiffiken sama zuwa gaba, malami ya sami hanyar fita. Amma yin haka ya kai fiffiken gaba da cibiyar nauyin jirgin, ya ɓata daidaitonsa. Sai aka karkatar da bakunan fukafukan zuwa baya don a dawo da daidaito. Da aka yi haka, bakunan fukafukan ƙasa suka matso kusa da ƙasa har ana tsoron su riƙa taɓa ciyawa. Sai aka ɗaga su sama kaɗan. Aka kuma sa masa injin da aka kifar, silindoji suna kallon ƙasa, wanda ya rage tudun hancin jirgin, matuƙi ya fi ganin gabansa. Hubert Broad ya tashi da shi ranar 26 ga Oktoba 1931, soja suka fara amfani da shi a 1932.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan hanya sarai: ka toshe ɓaraka ɗaya ta buɗe wata, ka toshe waccan ta buɗe ta uku, faci a kan faci. Yawanci abin da ke fitowa ba ya ganuwa, sai dai a ɓoye shi a yi addu'a. A nan kuwa siffar da mutane ke biyan kuɗi su ɗauka a hoto, fukafukan nan masu karkata baya kamar na tsuntsu, tabon faci uku ne.

Kuma jirgin bai fito cikakke ba. Maɓallan da ke karkatar da shi hagu da dama suna kan fukafukan ƙasa kaɗai, ba su da saurin amsawa, dole matuƙi ya haɗa da ƙafa yana sarrafa jelar jirgin a kowace kwana. Malamai suka gano wannan aibi alheri ne. Jirgin ba ya saurin kashe ɗalibi, amma ba ya rufa masa asiri. In ɗalibi ya yi sakaci da ƙafarsa, jirgin zai tafi a karkace, iska ta mare shi a kunci ɗaya, malami ya ji a nasa kuncin. Shi ya sa matuƙansa ke cewa tashi da shi abu ne mai sauƙi, iya shi ne aiki.

Yaƙin Duniya na Biyu ya mayar da shi makarantar firamaren matuƙan daular Birtaniya. Masana'antar de Havilland ta koma ƙera jirgin yaƙi na Mosquito, sai aka miƙa aikin ga kamfanin motoci na Morris a Cowley, kusa da Oxford, wanda ya fitar da sama da 3,000. Kanada ta ƙera sama da 1,500, ta ƙara wa nata rufi da na'urar ɗumama da birki saboda sanyin ƙasar. Ostireliya ta ƙera sama da 1,000, New Zealand ma ta yi nata. Jimilla an ƙera sama da 8,800. Dubban samari sun fara barin ƙasa a cikinsa, a Ingila da Kanada da Afirka ta Kudu da Rodeshiya ta Kudu, wato Zimbabwe ta yau, malami na yi musu tsawa ta cikin wani bututun roba da ya haɗa bakinsa da kunnuwansu.

Akwai wani ɗan'uwansa da ya kamata a ambata. Tun 1935 aka fitar da samfurin da ake sarrafawa daga ƙasa ta rediyo, babu kowa a ciki, don masu harbo jirage su riƙa koyon saiti a kansa. Sunansa Queen Bee, wato sarauniyar zuma, an ƙera kusan 400. Masana tarihi da dama na ganin daga nan aka ari kalmar drone, namijin zuma, wadda Turawa ke kiran jirgi marar matuƙi da ita har yau.

Da soja suka maye gurbinsa da jirgin Chipmunk a farkon shekarun 1950, sai gwanjo ya buɗe. Ɗaruruwan Tiger Moth suka fito kasuwa a farashin da bai kai na tsohuwar mota ba, tare da tulin injina da fukafukai sababbi fil a cikin akwatunansu. Wannan arahar ita ta cece shi, domin ta ba shi aikin yi a shekarun da babu wanda ke kallonsa a matsayin kayan tarihi. A New Zealand, daga 1949, tsofaffin matuƙan yaƙi suka cire kujerar gaba suka sa mazubi, suka riƙa watsa takin zamani a kan tuddan kiwon tumaki da mota ba ta iya hawa. Aiki ne mai haɗari, jirage da yawa sun ƙare a jikin tudu. A wasu wuraren ya yi feshin gona, ya ja jirage marasa inji zuwa sama, ya ja ƙyallen talla a bakin teku.

A Ingila wani ɗan kasuwa mai suna Norman Jones ya kafa Tiger Club a 1957, don mutum mai matsakaicin hali ya sami inda zai yi tsere da wasan juyi a sama ba tare da ya mallaki jirgi ba. Su ne suka riƙe G-ACDC. A 1975 Stuart McKay ya kafa de Havilland Moth Club, wanda ya haɗa masu irin waɗannan jirage a duniya, suna musayar kayan gyara da sani, suna taron shekara-shekara, wanda ya daɗe ana yi a harabar Woburn Abbey. A tsakanin waɗannan shekaru ne jirgin ya tashi daga tsohon kaya ya koma abin alfahari.

Tunanin cewa tsohon jirgi ya kamata ya ci gaba da tashi ya girmi kulob-kulob ɗin nan. Richard Shuttleworth, wani matashi mai gadon dukiya a Old Warden ta gundumar Bedfordshire, ya sayi Moth ƙirar 1928 a 1932, sannan ya shiga neman jiragen farkon ƙarni da aka yasar a rumbuna, yana gyara su har su tashi. Ya rasu a 1940 a haɗarin jirgin soja yana atisaye, yana da shekara 31. Mahaifiyarsa ta kafa gidauniya da sunansa. Har yau Moth ɗinsa yana wannan fili, kuma a nan ne ake ajiye da Blériot ƙirar 1909, jirgi mafi tsufa a duniya da ke iya barin ƙasa. Ba a fito da shi sai da yamma lis, in iska ta kwanta.

Jason na Amy Johnson kuwa yana rataye a Gidan Tarihin Kimiyya na Landan. Jikinsa na nan, amma ba zai sake tashi ba. Na Old Warden da na kulob-kulob suna tashi, amma kowace shekara wani abu na jikinsu na asali yana tafiya. Masu gidajen tarihi na cewa duk jirgin da ya faɗi an yi asarar da ba ta da madadi, kuma gaskiya suka faɗa. Ni dai na fi karkata ga masu tashi, saboda akwai sanin da ba ya rayuwa a bayan gilashi: yadda ake jin inji ta tafin ƙafa, yadda ake ɗinka yadi a kan haƙarƙarin fiffike, yadda ake tsayawa a gaban farfela. In aka shekara talatin ba a yi ba, ba wanda zai iya.

Mai sha'awar mallakarsa ya san abin da zai shiga. Tashi ɗaya yana cin rabin yini. A turo jirgi daga rumfa da hannu, a sa wa tayoyi waigi tunda babu birki, a hau kan hancinsa a zuba mai a tankin da ke tsakiyar fiffiken sama, wanda ke cin galan 19, kimanin lita 86. Babu famfo, nauyin man ne ke gangaro da shi zuwa inji. Mai juya farfela da matuƙi suna kiran juna da kalmomi ƙayyadaddu kafin kowane juyi, domin kuskure a nan hannu yake ci. In matuƙi shi kaɗai ne, a kujerar baya yake zama saboda daidaiton nauyi, kuma tunda jelar jirgin na ƙasa hancinsa na sama, ba ya ganin gabansa a ƙasa, sai ya riƙa tafiya yana lanƙwasa kamar maciji yana leƙe. A sama gudunsa na yau da kullum bai fi kilomita 130 zuwa 140 a awa ba, injin na shan kimanin lita 30 a awa, sanyi na shiga har ɓargo. A kan sandar fiffike akwai wani ɗan faranti mai sifirin da iska ke turawa, yana nuna gudu a kan ma'auni. Na'ura ke nan.

Kuɗin sayensa ya yi daidai da na motar alfarma, wanda ke da labari kuwa ya fi haka: Gipsy Moth ɗin da ya fito a fim ɗin Out of Africa an yi gwanjonsa a Paris a 2013 a kan sama da Yuro 200,000. Amma saye shi ne mai sauƙi. Katako da yadi ba sa shiri da damshi ko zafin rana, dole a biya kuɗin rumfa. Ga inshora, ga binciken shekara-shekara, ga ranar da injin Gipsy Major zai cika awanninsa a kwance shi gaba ɗaya. Shi ya sa da yawa ake mallakarsu ta karo-karo, mutum biyar ko goma a kan jirgi ɗaya, kowa da ranarsa.

Abin da ya sa duk wannan ke yiwuwa shi ne babu wani sashe na jirgin da mutum mai hannu ba zai iya sake yi ba. Gangar jikinsa bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda. Fukafukai katako ne mara nauyi, kafinta mai haƙuri zai iya yanka kowane haƙarƙari in yana da zane. Gam ɗin da aka yi amfani da shi a da daga madara ake yin sa, damshi na lalata shi, yanzu akwai waɗanda suka fi shi. Yadin asali na lilin ne, yau da yawa suna sa na roba mai daɗewa, a ɗinke shi da allura da zare, a shafe shi da wani ruwa mai sa shi ya ɗame kamar fatar ganga. An sha ɗauko jirgin da ya shekara arba'in a rumbun manomi, ɓeraye sun cinye rabinsa, a shekara biyar ko goma ana aiki a ƙarshen mako, ya tashi.

To a nan ne amsar tambayar farko take. A idon hukuma, jirgi shi ne ɗan farantin ƙarfe mai ɗauke da lambar ƙira, da kuma kundayensa. Kowane jirgi yana da littafin gangar jiki da littafin inji. Duk tashi ana rubutawa, duk noti mai muhimmanci da aka sauya ana rubuta daga ina ya fito, injiniya mai lasisi ya sa hannu. Muddin kowane sabon sashe ya dace da zanen asali, kuma an rubuta, jirgin shi ne dai na 1933 ko da ba abin da ya rage na 1933 sai farantin. Jirgin da kundinsa ya ɓata kuwa, ko yana sheƙi, darajarsa ta faɗi, domin ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin yadin.

Zanen ma yana da nasa tarihin gado. Kamfanin de Havilland ya shige cikin Hawker Siddeley a 1960, wannan ya shige cikin British Aerospace a 1977, wanda ya zama BAE Systems a 1999. Katafaren kamfanin makamai ba shi da wata riba a amsa tambayar mai jirgin katako, don haka a farkon shekarun 2000 aka miƙa zane-zanen da alhakin kula da su ga wani ƙaramin kamfani a Duxford, de Havilland Support. In na kwatanta da sana'ata abin yana ba ni kunya. Wayar da aka saya shekara shida da suka wuce an daina aiko mata sabuntawa. Manhajar da kamfaninta ya rufe ta tafi ke nan, tunda ba wanda ke da rubutunta na tushe, ko da kuwa dubban mutane na son ta. Tiger Moth ya binne kamfanin da ya haife shi da wanda ya gaje shi, takardunsa na hannu.

Amma tsarin da ya dogara ga takarda, ta takarda yake karyewa. A ƙasan gangar jikin Tiger Moth akwai sandunan ƙarfe biyu sirara da suka ratsa daga hagu zuwa dama, suna ɗaure gindin fukafukan ƙasa da juna. In jirgi na sama, iska na ƙoƙarin fizge fukafukan waje, waɗannan sanduna ne ke riƙe su. Ƙarfe kuwa yana gajiya. Ja da saki sau dubbai yana haifar da tsaga ƙarama da ido ba ya gani, musamman a bakin da aka yi wa tsaga-tsagar ɗaura noti. Bayan an gano wata da ta tsage a Birtaniya, a ƙarshen shekarun 1990 aka ƙayyade musu wa'adi: awa 2,000 na tashi ko shekara 18, duk wanda ya riga cika.

Ranar 16 ga Disamba 2013 wani Tiger Moth ya tashi a jihar Queensland ta Ostireliya, ɗauke da matuƙi da fasinja ɗaya da ta biya kuɗin yawon shaƙatawa mai haɗe da wasan juyi. Jim kaɗan da fara juyin, fukafukan hagu suka karye, jirgin ya faɗa teku kusa da tsibirin South Stradbroke. Su biyun suka rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta sami kyamarar da ke ɗaure a jirgin, ta kuma ciro tarkacen. Sandunan nan biyu duk sun tsinke ta wurin tsagar gajiya, alhali ba su kusa cika wa'adinsu ba. Ba na asali ba ne. An ƙera su a Ostireliya a matsayin madadi, suna da takardar amincewa, amma binciken ya nuna ba a tantance juriyarsu ga gajiya yadda ya kamata ba kafin a amince da su. Wa'adin awa 2,000 an lissafa shi ne don sandar asali, aka ɗora shi a kan wadda ta yi kama da ita a ido.

A 2014 hukumomin jiragen sama na Birtaniya da Ostireliya suka ba da umarnin a cire wannan samfurin sanda daga duk jirgin da ke ɗauke da ita. Masu jirage a nahiyoyi daban-daban suka koma kan kundayensu suna bin shafi-shafi, suna neman wace sanda wani injiniya ya sa musu shekaru goma sha da suka wuce, da inda ya samo ta. Wanda kundinsa bai faɗa ba, sai ya buɗe cikin jirgin ya duba da idonsa.

Dokar shekara 18 tana nan. Jirgin da mai shi ba ya tashi da shi sai 'yan awanni a bazara, wanda sandunansa ba su yi ko awa 500 ba, in shekarun suka cika dole a tallafe fukafukan ƙasa, a zare sandunan biyu, a sa sababbi masu takardar shaidar inda aka ƙera su, injiniya ya rubuta kwanan wata a littafin gangar jiki ya sa hannu, ƙidaya ta sake farawa daga ɗaya.